Taliyar Inna

Gidanmu a Sabon Birni gidan taliya ne. Baƙo ya shigo unguwa ya ce a nuna masa inda ake murza taliya, ƙofarmu za a kai shi. Tun kafin in yi wayo mahaifiyata, wadda muke kira Inna, take wannan sana'a. Tana da ɗan injin murji na ƙarfe da ake ɗaurewa a bakin benci, wani ɗan'uwan Baba mai fatauci zuwa Maraɗi ne ya sayo mata shi, kuma igiyoyin tsakar gidanmu sun fi sabawa da taliya a kan wanki. Da hantsi za ka tarar da ita a kan kujera 'yar tsugunno, hannuwanta fari fat da fulawa, tana juya mariƙin injin da dama tana tarbar zaren taliya da hagu. 'Ya'yan maƙwabta kallon 'yan gata suke yi wa gidanmu. Su tuwon gero ne safe da yamma, a wurinmu kuwa abin da suke jira sai da salla shi ne abincin kullum.

A ƙasarmu gero na kowa ne, alkama kuwa ta girmamawa ce. Baƙon da ake jin nauyinsa, a yi masa fankasau. Gidan amarya, a kai alkaki. Marar lafiya kuwa, in ana ji da shi, sai a ɗauke masa tuwo a kawo shayi da burodi. Haka na taso na gani, kuma ban taɓa jin wani ya tambayi dalili ba.

Ni ne ɗan fari. Wanda ya san gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta yi mini wasa, ba ta haɗa ido da ni in muna magana. In za ta ambace ni gaban mutane sai ta ce "ɗan tsohuwa", domin ana yaye ni aka miƙa ni ga kakata ta wajen uba a wani ƙauye kusa da Tsamaye, kamar yadda aka saba. Can na girma a kan tuwon gero da miyar kuka, da fura da nonon da Fulanin bayan gari ke kawowa. Kumatuna har sheƙi suke yi. Kakata takan ja mini kunne ta ce, "Wanga miji nau, ga ci kamag gara, ga shi ko kuyya guda bai iya nomewa."

Amma duk lokacin da aka kai ni Sabon Birni ganin gida, ba na daɗewa sai cikina ya kumbura, zawo ya biyo baya, in koma ƙauye idanu sun faɗa. Kakata ta dube ni ta ce ruwan birni ne bai karɓe ni ba, kowa kuma ya yarda. Ba wanda ya kalli kwanona. Inna, da yake bakinta a ɗaure yake a kaina, kwano ne ke yi mata magana. Takan cika shi taf da taliya da wake, ta kwarara man gyaɗa, ta barbaɗa yaji, ta turo mini tana kallon wani wuri. Ni kuma in cinye tas, domin ni ma ba ni da wata hanyar ba ta amsa.

Ina da ƙane da ya biyo ni. Shi ne Inna ta samu ta yi wa son da kunya ta hana ta yi mini. Tana kiran sunansa da ƙarfi, tana yi masa kirari, tana murza taliya yana jingine da cinyarta. Bayan yaye ya fara ciwo. Cikinsa ya yi tulele, ƙafafunsa suka koma kamar sillen kara, zawo ya ƙi tsayawa. Wasu suka ce tamowa ce, wasu suka ce iska, wasu suka fara kallon wata tsohuwa ta ƙarshen layi. Inna ta yi abin da kowace uwa a garinmu za ta yi. Ta ɗauke masa abincin gero, wai ya yi wa cikinsa nauyi, ta koma ba shi mafi kyawun abin da take da shi: taliya da ta dahu luguf, kunun alkama, burodi jiƙe a shayi. Bai kai shiga makarantar allo ba ya rasu. Ina ƙauye aka zo aka ɗauke ni gaisuwa. Tun daga ranar ban sake jin sunansa a bakin Inna ba.

Na yi karatu, na zama malamin firamare a Isa. Shekarun gwaurantakata a teburin mai shayi na yi su, burodi da safe, burodi da yamma, in an samu sauyi taliya ce. A nan ciwon ya zauna daram. Ba rana ɗaya ya kayar da ni ba, cin ni ya riƙa yi a hankali. Kullum ciki a kumbure, kullum ina lissafin inda ban ɗaki yake kafin in zauna a wuri, ga gajiyar da barci ba ya maganinta, ga gyambo a baki. Ɗalibaina sun laƙaba mini wani suna mai alaƙa da tsinke, suna zaton ban sani ba. An ce gyambon ciki ne, na sha magani. An ce taifot ne, na sha allurai. An ce basir ne, na sha saiwoyi masu ɗacin da har yau in na tuna sai bakina ya tara yawu. Da na yi aure maiɗakina ta ɗauki abin da zafi, ta ce wahalar zaman gwauro ce, za ta gyara ni. Duk sanda na kwanta sai ta aika a sayo burodi mai laushi, ta haɗa mini shayi mai kauri.

Wata rana ina rubutu a allo jiri ya kwashe ni. A asibiti aka ce jinina ya yi ƙasa ƙwarai, aka tura ni Sakkwato. Can na haɗu da wata likita, matashiya ce, mai yawan tambaya. Ita ce ta fara tambayata abin da nake ci tun daga safe har in kwanta, da inda na girma, da lokacin da na fi jin daɗin jikina a rayuwa. Aka ɗebi jini, daga baya aka zura mini wani siririn bututu ta maƙogwaro aka duba hanjina. Da sakamako ya fito ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla. Akwai wani abu mai danƙo a cikin alkama, shi ke sa ƙullun fulawa ya miƙe bai tsinke ba, gulutin ta kira shi. Jikina ba ya jituwa da shi. Duk sanda ya shiga sai jikin ya juya ya yaƙi hanjina, har hanjin ya kasa tsotse amfanin abinci. Ba shi da ƙwaya, ba shi da allura. Maganinsa ɗaya ne, in rabu da alkama da duk abin da ta taɓa, har iyakar rayuwata. Gero, dawa, masara, shinkafa, rogo, wake, duk halalina ne.

Dariya ta kama ni a gabanta. Na baro Isa, na sha jijjigar mota har Sakkwato, don a ce mini in koma in ci tuwon gero. Ita ma ta yi murmushi, sannan ta ce, "Malam, gidanku akwai wani mai irin wanga ciwo? Abin shina bin jini. Ga yara yakan zo da rama, da kumburin ciki, da zawon da bai tsayawa."

Nan take na daina dariya. Na ba ta labarin ƙanena, da abin da aka ciyar da shi. Ta gyara zama, sannan ta ce ba wanda zai iya yanke hukunci yanzu, domin cututtukan yara da yawa suna kama da juna, Allah ya jiƙansa. Gaskiya ta faɗa, na kuma yarda da ita. Amma a motar komawa Isa ban ga hanya ba, ƙafafun yaron nan kawai nake gani. Kunyar da ta raba ni da uwata ita ta tura ni ƙasar tuwon gero na rayu, shi kuwa da aka riƙe a jiki ya tafi. Kafin mu iso na yanke shawara cewa Inna ba za ta taɓa jin sunan ciwona ba. Ba ta yi boko ba, amma ba a yi mata bayani sau biyu. Ranar da ta ji alkama ce, a ranar za ta tuna abin da ta jiƙa wa ɗanta a shayi.

A gidana abin ya zo da wuya, amma wuyar da ake iyawa. Maiɗakina ta sha kuka kan burodin da ta riƙa saya mini, sannan ta share hawaye ta kama aiki. Ta ware mini tukunya, da muciya, da rariya, da ludayi. Ta bar ɗunƙulen miya na kanti, don ba mu san abin da aka haɗa shi da shi ba, ta koma daddawa. In yaranmu za su ci burodi sai a zaure, a kuma kakkaɓe tabarmar a waje. Duk da haka gab da wata salla na sake kwanciya, muka rasa ta inda abin ya shigo. Ashe injin niƙa ne. Lokacin kowa na kai alkama don fankasau, geronmu ya bi bayan na wasu ya kwaso abin da ya maƙale. Daga nan ta koma turmi, ita da ta taso ba ta san daka ba, har tafin hannunta ya yi kanta. Sannu a hankali jikina ya dawo. Na fara tsayuwar tarawihi ba tare da na nemi bango ba, wandunana suka fara kama ni, ɗalibai kuma suka rasa abin da za su yi da sunan da suka ba ni.

Cin abinci a waje shi ne yaƙin. Aikinmu akwai tafiya, yau bita a Sakkwato, gobe duba jarrabawa a Bafarawa, kuma duk abin da na sani game da gidajen abinci da cikina na saye shi. Tuwon shinkafa da kake gani fari sol, wata ta zuba masa garin semo don ya kama, shi kuwa alkama ne. Masa, an jefa mata fulawa cikin hannu don ta tashi. Ɗanwake na yanzu sunan wake kawai ya rage masa. Ƙosai ba ruwansa, amma a man da aka soya fanke aka tsoma shi. Cokalin da ya ɗebo wa na gabanka taliya shi zai nutsa cikin shinkafarka. Kuma a wurinmu tambayar mace abin da ta zuba a tukunyarta ɗan'uwan zargi ne. Wata mai abinci a kasuwar Bafarawa ta ajiye mara ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam, guba kaka zato na sa ma? In ba ka ci, ga hanya nan." A manyan wuraren cin abinci na birni kuwa ba a yi maka faɗa, sai dai duk abin da ka tambaya a ce babu, cikin ladabi, ba tare da kowa ya leƙa madafa ba. Na fi tsoron waɗannan. Na koyi yawo da gyaɗa da dabino a aljihu, in na samu dafaffen ƙwai ko ayaba in gode wa Allah.

Wurin ɗaurin aure da walima ma haka. A ajiye faranti a tsakiya, kowa ya wanke hannu, ni in ja baya. Sai ka ji an ce ɗan boko ya fara tsirfa. In na yi bayani, sai magunguna su fito. Wani ya ce in riƙa ci kaɗan-kaɗan har cikin ya saba, wani ya ce akwai mai saiwa a wani ƙauye, wani ya rantse sammu ne. Abin yana ɓata mini rai, ba na ɓoyewa, don ni ba mai haƙuri da shawarar da ban nema ba ne. Amma duk wannan mai sauƙi ne, tunda ina iya buɗe baki in ce alkama ce. Gida ɗaya ne a duniya da ba na iya faɗar haka, kuma shi ne gidan da aka fi cika mini kwano.

A lokacin Baba ya riga ya rasu, kakata ma ta daɗe da tafiya. Inna ta manyanta amma ba ta saki injinta ba. Hanyar Isa zuwa Sabon Birni ta daina zama yadda muka san ta, ba a bin ta da yamma saboda rashin tsaro, don haka zuwana ya ragu, kuma kowane zuwa ya ƙara nauyi a wurinta. Da ta ji sallamata sai ta ɗora tukunya. Na fara dabaru. Nakan zaɓi Alhamis, in tashi da azumi na gaskiya don kada in yi mata ƙarya, in je bayan an tashi makaranta, in juyo da la'asar saboda hanya. Ta ɗaure mini busasshiyar taliya a leda, in kai Isa maiɗakina ta rabar wa maƙwabta. Ranar da ba azumi, in ce a kai mini zaure, in juye a leda in tura jaka, in mayar da kwanon kamar an ci. Ban taɓa jin na ƙasƙanta ba kamar lokacin da nake ɗaure bakin ledar nan ina sauraren takun ƙafarta. Sau ɗaya ta zauna a bayan ƙofar zaure tana tsince wake, ta ƙi tashi. Na ci. Na yi kwanaki ban shiga aji ba, amma na ga yadda ta karɓi kwanon a ranar, har da ɗan waƙe-waƙenta a madafa.

Uwa ba ta rasa ganewa. Wata salla da na je da iyalina, ina zaune a tsakar gida, Inna ta dubi maiɗakina, don ta bakin wani take yi mini magana in abu ya yi nauyi. Ta ce, "Ki hwaɗa ma maigidanki, in abincin tsohuwa ya zan ƙazanta gare shi, shi daina wahal da kainai da azumin dole. Ba ni ƙara tilasta ma kowa." Ta tashi ta shiga ɗaki.

A hanyar komawa maiɗakina ta ce, "Malam, ka gaya mata. Kana ganin yadda taka ramewa." Na ce wanne ya fi sauƙi, ta ɗauka babban ɗanta ya raina ta, ko ta ɗauka hannunta ne ya kai ƙaramin kabari? Na zaɓi ta riƙa ganina a matsayin marar kirki, na kuma ci gaba da zuwa ina gaishe ta tana amsawa a taƙaice. Tukunya ta daina hawa wuta in na yi sallama. Na samu abin da nake nema, kuma ban taɓa jin maraici irin na lokacin ba.

Akwai wata mai tuwo a tashar Sabon Birni, dattijuwa, Gwaggo nake kiran ta. Ita kaɗai ce a garin na yarda da tukunyarta. Ranar farko da na yi mata tambayoyina ba ta ji haushi ba, sai ta ce in zauna in gaya mata ciwon tun daga tushe. Na gaya mata komai, har da injin niƙa da man suya. Tun daga nan ta ware mini kwano da ludayi, tuwon dawarta kuwa ba gauraye. In na sauka mota nakan fara tsayawa wurinta in ci in ƙoshi, sannan in shiga gida. Abin da ban lissafa ba shi ne Sabon Birni ba ta da girman da mata biyu masu sana'ar abinci za su rasa haɗuwa. Daga baya na ji yadda aka yi. A gidan suna suka zauna tabarma ɗaya, Gwaggo kuma, da zuciya ɗaya, ta shiga yi wa Inna jajen ciwon ɗanta Malam, wanda alkama ke wahalarwa, tana ba ta tabbacin cewa a wurinta dai ba ya cin abin da zai cutar da shi.

Ban san an yi haka ba sai da na zo wata Asabar da kaka, sabon gero ya shigo. Ina shiga na ga igiyoyin tsakar gida wayam. Benci na nan a wurinsa, amma ba inji a bakinsa. Inna tana ƙarƙashin rumfa, ta ba ni gefe kamar kullum. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, ta tambayi yara da hanya. Sannan ta jawo wani kwano a rufe ta turo gabana. Na buɗe. Tuwon gero ne da miyar kuka.

"Tukunyat sabuwa ta," in ji ta. "Muciya ma haka. Ni nad daka da hannuna, ban kai inji ba."

Na kasa ɗaga kai. Ta ci gaba, tana kallon bango.

"Mai tuwon tasha ta san ciwon ɗan tsohuwa. Ni da nah haihe shi, sai gidan suna naj ji."

"Inna, ki gahwarce ni."

"Tun yaushe kaka da shi?"

"Likita ta ce mai yiwuwa tun ina ƙarami."

"Shi as sa in anka kawo ka daga ƙauye kaka kwantawa. Ba ruwan birni na ba."

"Ba ruwa na ba, Inna."

Kaji suna tono a gindin randa, wani mai tallan kankana ya wuce ta bayan katanga. Na san tambayar da ke tafe, na kuma roƙi Allah a zuciyata kada ta zo.

"Ana gadon shi?"

Da na ce a'a da ta karɓa, ko don ta sauƙaƙa mini. Amma na gaji da ɗaure bakin leda. Na ce likita ta ce yana bin jini, amma ta ce ba wanda zai iya sanin ko shi ne ya kama... A nan na tsaya, don ban san yadda zan ƙarasa ba. Inna ce ta ƙarasa. Ta faɗi sunan ƙanena, a hankali, kamar tana tsoron ta tashe shi.

"Nan shika kwantawa," ta ce, "wurin ga da kaka zaune. Maƙwabta na damun hura, sai shi ji ƙamshi, shi ce, Inna, hura. In ce a'a, hura ta yi ma nauyi, bari in jiƙa ma burodi. Kullum hura shika roƙo na. Ban ba shi ba ko sau guda."

Na faɗi duk abin da ake faɗa. Na ce kwana ne ya ƙare. Na ce ba ta sani ba, kuma ba wanda ya sani a lokacin, ni kaina sai da furfura ta fara fito mini kafin masu ilimin abin su gane nawa. Na ce mai yiwuwa ma wata cuta ce daban. Ta bar ni na gama, sannan ta goge fuskarta da bakin mayafi.

"Na san wa'adi na, ba ni jayayya da Ubangiji," ta ce. "Amma da na ba shi hurat, ko da tahiya za shi yi, da ya tahi da abin da shika so cikin baki nai. Ci tuwonka, kar shi huce."

Na ci. Hawaye na zuba cikin miyar, ina kai loma, ita kuma ba ta tashi ba har na suɗe kwanon. Da zan tafi ta ce in kai yarana Sakkwato a duba jininsu tun da wuri, kada in tsaya jiran sai sun kwanta. Na kai su.

Injin ta ba wa wata yarinyar maƙwabta da ke shirin aure. Na roƙe ta ta karɓo abinta, na ce taliya abinci ce mai kyau ga mafi yawan mutane, rabin unguwar nan da ita suka girma lafiya lau. Ta ce ta sani, hannunta ne ba ya so. Har yau ban iya cewa ko ɓoyewar da na yi daidai ce ba. Na so in tsare ta daga wani baƙin ciki, sai na ɗora mata wani, daga ƙarshe ta ɗauki duka biyun.

Yanzu in na yi sallama ba tukunya take ɗorawa ba, ƙwarya take jawowa. Ita ke daka geron, ita ke cura furar, ita ke damawa da nonon da ta aika aka sayo tun da safe. Kullum abin ya fi ƙarfin cikin mutum ɗaya, kuma na san ba kuskuren awo ba ne. Takan turo mini ƙwaryar ta koma gefe ta zauna, ni kuma in yi bisimilla in kama ludayi. Ko na ƙoshi ba na ajiyewa sai na shanye, nawa da na wanda ya roƙa.